Wane keke ne zai kai ka Ƙonni ya wuce?

Daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni wajen kilomita 130 ne, daga Yamai zuwa Doso kamar 140. Mai niyyar wuce waɗannan garuruwa da keke, ya bi ta Illela ya shiga Sakkwato ko ya gangara ƙasashen bakin teku, tambaya ɗaya zai yi wa kansa: in abin ya lalace a ƙauye, wa zai gyara?

Don haka babu kamar tsohon keken hawan dutse na gwanjo, mai gangar jikin ƙarfe da taya inci 26. Duba gefen tayar, za ka ga 559, lambar da ke nuna wannan girman. Irin wannan taya da tiyub ɗinta ba su da wuyar samu a kasuwannin hanya. In ƙarfen ya tsage, mai walda na bakin tasha zai ɗinke shi ka ci gaba. A nemi mai wayoyi 36 a ƙafar baya, domin ita ke ɗaukar kaya da jarkar ruwa, kuma a zafin Afrilu da Mayu lita 8 ba ta yi yawa ba. Birki ya zama na waya da roba. Bakin tiyub ya zama mai kauri irin na babur, don famfon kowane mai faci ya shiga. A ajiye kuɗin taya mai kauri dabam, domin tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa mai sauka daga kwalta.

Keken Phoenix mai taya inci 28 jaki ne wajen kaya, amma giya ɗaya gare shi, iskar hunturu za ta ci gwiwarka. Keken tsere mai siririyar taya na kwalta ne zalla. Mai birkin mai kuwa, ranar da ya yi yoyo sai dai ka tura shi.

Inda ake cin mutane shi ne wurin saye. Akwai sababbin kekuna masu sheƙi da shokazoba gaba da baya, an manna musu sunan Shimano, kamfanin da ke ƙera giyar keke. Na gaske a jikin ƙarfen giyar ake buga sunan da lambar samfuri. In takarda ce da farce zai ɓare, juya ka tafi. Shokazobar nan nauyi ne kawai, ga shi tana hana ɗaura kariya.

Na gwanjon ma ana yi masa kwalliya. Sabon fenti a mahaɗar ƙarfe, musamman ƙarƙashin kan keke da wajen feda, sau da yawa tsaga aka rufe. Tafi da maganaɗisu: in bai kama ba sanholo ne, ko da mai shago ya rantse, kuma ba kowane mai walda ke iya shi ba. Tafi da abin awo ma. Sarƙa lafiyayya, daga ƙusa ɗaya zuwa ta 21 santimita 25.4 ce, in ta kai 25.6 ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya, sai a cire kuɗinsu daga ciniki. Ɗaga keken ka juya ƙafa: in tana rawa gefe da gefe, ko kana jin ƙurus-ƙurus, rim ko boris ya tafi. Wasu kan cusa giris mai kauri don ƙarar ta kwanta na kwana biyu.

In mai shago ya ce "Alhaji, ai ba a hawa sai an biya", bar masa kayansa.