Gashin Kudancin Shikago: A Ce Musu Su Zuba Miyar a Gefe

Duk wanda ya taɓa bi ta unguwannin kudancin Shikago da yamma ya san ƙamshin nan, ko da bai taɓa sa naman a baki ba. Hayaƙin itace na tashi daga ƙananan shaguna, mutane sun yi layi har bakin titi, kowa na jiran rib tips da hot links, wato guntayen bakin awaza da sosej mai yaji. A mafi yawan shagunan duka biyun na alade ne, don haka irinmu sai dai mu shaƙa mu wuce. Wani dattijo da muke masallaci ɗaya, mutumin zangon Kumasi mai tuƙa tasi, shi ya kwatanta mini wani shago kusa da titi na 79 inda alade ba ya shiga ko kusa, naman sa da na talotalo kawai suke gasawa. Ya ce, “Ɗana, ka tafi da yunwarka, amma kada ka bar haƙurinka a gida.”

Daga Rogers Park, unguwar da nake zaune a arewacin birnin, jirgin ƙasa na jan layi na hau, tafiyar kusan awa guda kafin tashar titi na 79, daga nan kuma bas. Shagon ɗan ƙarami ne, babu teburi babu kujera. Tsakaninka da masu sayarwa akwai gilashi mai kauri da harsashi ba ya hudawa, da wani akwati mai juyawa a jikinsa: ka sa kuɗinka, a juya, abincinka ya biyo ta nan. Magana ma sai ka ɗaga murya ta wata 'yar kafa. Baƙo zai iya tsarguwa, amma haka shaguna da yawa suke a yankin, har na masu soya kaza da kifi, kuma mutanen layin hirarsu kawai suke sha.

Kafin in sayi komai sai da na yi tambaya, domin rashin ganin alade a allon farashi bai isa a kwantar da hankali ba. Sosej ɗin naman sa ana iya ɗura shi a hanjin alade, don shi ne fatar da masu yin sosej mai kauri suka fi amfani da ita, kuma ba kowane mai shago ne ke duba abin da aka kawo masa ba. Matar da ke kanta, dattijuwa ce da ɗankwali, ko a jikinta. Ta shiga ciki ta ɗauko kwalin, ta manna shi a gilashi, ta bi rubutun da yatsa har inda aka ce daga fatar sa aka sarrafa abin da aka ɗura naman a ciki. “Ɗan'uwa, kullum sai an tambaye ni,” in ji ta. Takardar shaidar halal ta kamfanin da ke kawo musu nama na manne a gefe. Wasu 'yan'uwanmu a nan yankan Ahlul Kitabi ya wadace su, wasu kuma sai sun ga takarda, wannan tsakanin mutum da malaminsa ne. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne murhun. Shaguna da dama a kudancin birnin suna sayar da na talotalo don waɗanda ba sa cin alade, amma a raga ɗaya ake gasa su da na aladen, cokali mai yatsu ɗaya ke juya su, adda ɗaya ke sara su. A nan murhu ɗaya ne, kuma abin da aka ce yana cikinsa shi na gani.

Murhun kuwa abin tsayawa a kalla ne. Akwati ne babba na ƙarfe, bangonsa gilashi, da bututun hayaƙi da ya huda rufi. 'Yan gari suna kiransa da sunan akwatin gilashin da ake kiwon kifi a ciki, kuma da wuya ka gan shi a wani birni in ba Shikago ba. Wuta tana ƙasa, itacen hikori take ci, nama yana samanta kai tsaye. Wannan ya bambanta da irin na Teksas, inda wuta ke gefe guda, zafi da hayaƙi kawai ke ratsowa su iske nama. A nan kitse na ɗiga cikin garwashi, wuta na tashi, saboda haka mai gashi ba ya nisa da tiyon ruwa. Ina tsaye na ga harshen wuta ya miƙe zai lashi nama, sai ya ja murfin ƙasa ya fesa ruwa sau biyu a taƙaice. Tururi ya turnuƙe gilashin har nama ya ɓace, can ya washe. Sai ya zuge gilashin sama, ya sa dogon cokali ya janyo wanda ya yi duhu zuwa gefe, ya tura ɗanye tsakiya. Babu ma'aunin zafi a ko'ina. Yakan ɗan danna nama da bayan cokalin ya san inda aka kwana.

Wannan naman da ake yi wa layi, a da tarkacen mahauta ne. Idan za a gyara awaza ta fito a miƙe, mai kusurwa huɗu, yadda manyan gidajen abinci ke so, sai a yanke bakin da ke haɗe da ƙirji, wanda duk guringuntsi ne da kitse da jijiya. Shikago kuwa ita ce babbar mayankar Amurka a zamaninta. Zangon dabbobi na Union Stock Yards ya yi aiki daga 1865 har 1971, a kudancin birnin yake, kuma irin waɗannan guntaye sun yi araha kamar a ce maka ɗauka. A daidai lokacin ne baƙaƙen fata ke baro jihohin kudu, inda wariyar launin fata ta hana su sakat. Tsakanin 1916 da 1970 kimanin rabin miliyan suka shigo Shikago, da yawansu daga jihar Misisipi a jirgin ƙasa na kamfanin Illinois Central, kuma sun zo da gashin itacen da suka gada. Ɗaya daga cikinsu, Leon Finney, ya buɗe shagon gashinsa a 1940. 'Yan gidan Lemons, mutanen garin Indianola na Misisipi, suka kafa shagon Lem's a 1954, wanda yanzu yake titi na 75, kuma a 2025 gidauniyar James Beard ta karrama shi cikin tsofaffin gidajen abincin da Amurka ke alfahari da su. Waɗannan na alade suke yi, ni ban ci nasu ba, amma daga hannunsu tsarin ya fito, har da yadda ake shirya kwali.

Na ce a ba ni haɗin guntayen sa da sosej, da ƙaramin kwali na talotalo don in kwatanta. Nan na gane zancen haƙurin da dattijo ya yi, don na fi rabin awa a tsaye. Ba a sara nama sai an kira lambarka, sai ka ji adda na sauka a kan katako daga ciki, kaf, kaf, kaf. Ana shimfiɗa soyayyen dankalin Turawa a gindin kwali, a jibga nama a kai, a kwarara miya, a ɗora farin burodi yanka biyu, a naɗe da takarda a cusa a jaka. Masu mota a cikin mota suke ci, wasu a kan bonet. Ni bencin tashar bas na samu.

Guntayen sa su ne dalilin da zai sa in koma. Bayansu ya yi baƙi-baƙi, ya ɗan bushe, yana da gishiri da ɗacin hayaƙi kaɗan wanda ba ya damun harshe. Ka ɓare sai ka ga jan zobe a ƙarƙashin ɓawon, alamar hayaƙi ya ratsa, sannan nama mai laushi da kitse ya narke a tsakaninsa. A tsakiyar kowane gutsure akwai farin guringuntsi. Wani ya dahu har ya yi taushi, haƙori na nutsewa a cikinsa, wani kuma yana nan da ƙarfinsa sai ka gurgura ka zagaye shi. Ba abincin cokali ba ne, kuma ba na mai sauri ba. Sai ka juya gutsuren a hannu, ka nemo inda nama ya laɓe a bayan jijiya, ka tsotse, ka ajiye abin da ya rage a gefen takarda. Mutumin da ke zaune kusa da ni yana tara guringuntsinsa gefe bai taɓa ba, ni kuwa nawa ban bar ko ɗaya da zai tauno ba. In za a kwatanta da na gida, ya fi kusa da balangu fiye da tsire, don babu ƙuli-ƙuli a jikinsa, nama ne da kitsensa da gishiri, sai hayaƙin da ya fi na balangu nauyi nesa ba kusa ba. Ba duka ne suka yi daidai ba. Guda biyu ko uku na bakin raga sun ƙone har sun koma gawayi, wuta kai tsaye ta gaji haka.

Na talotalo daga cinya ake yanka shi, babu ƙashi babu guringuntsi. Yana da laushi, ya sha hayaƙi fiye da na sa, amma gefensa ya bushe, kuma da ya huce sai ya fara yin gari a baki. Ga yara da tsofaffin da haƙori ya yi wa ƙaura, madalla. Wanda ya zo neman abin gurgura kuwa zai tashi kamar bai ci komai ba.

Sai miyar, wadda a kanta ne ni da shagon muka raba hanya. Za a tambaye ka mai yaji kake so ko marar yaji ko a gauraya, kuma in ba ka ƙara magana ba za a malala ta har nama ya nutse. Tumatir ne da sukari da ruwan tsami, ja wur, mai kauri. Marar yajin zaƙi ne zalla, mai yajin ma zaƙi ne ke gaba, barkono na biye can baya. Mai gashin nan ya yi awanni yana faɗa da wuta da tiyo don ɓawon naman ya fito yadda ya fito, sai ludayi ɗaya ya jiƙa shi ya lulluɓe ƙamshin itacen. Guntayen da suka fi daɗi a kwalina su ne na kusurwa waɗanda miya ba ta kai gare su ba. Na san 'yan unguwar da wannan miyar suka tashi, na kuma ji wata mata a gabana tana cewa a ƙara mata ludayi. Harshensu ne, ban isa in gyara musu ba. Amma mu da ba mu saba haɗa nama da sukari ba, kafin rabin kwali zaƙin ya ginshe mu.

Sosej ɗin an yanka shi gunduwa-gunduwa. Niƙan namansa ba mai laushi ba ne, kana ganin ɓarzajjen nama da ɗigon kitse da jajayen ɓawon barkono, ga ƙamshin wani ganye da suke kira sej, wanda shi ne ya bambanta na Shikago. Ya gasu sosai, fatar ta tsage a wurare, maiƙo na tsattsafowa. Sai dai gishiri ya yi yawa, fatar ta ɗan yi tauri, yajin da ake ta kururutawa kuma bai kai ya sa ɗan Kano neman ruwa ba. Da burodi ya fi tafiya. Dankalin na cikin firiza ne, kuma kafin ka iso gare shi ya jiƙe sharkaf da miya da maiƙo. Da gangan ake yin haka, akwai masu cewa shi ne ma daɗin kwalin. Ni na ci kaɗan na bari. Burodin kuwa mai laushi ne kamar auduga, aikinsa tsane maiƙo daga yatsu, don takardar goge hannu biyu kacal suka saka mini.

Kuɗin duka ya ɗan haura dala 30 da haraji, wanda a gidajen abincin Shikago ya wuce kashi 10 cikin 100. Ba araha ba ne ga naman da aka fara sayarwa don ba mai so, amma babban kwalin zai ƙosar da mutum biyu. Sun fi son tsabar kuɗi, na'urar katinsu sai da aka gwada ta aka sake gwadawa. Ranar Juma'a da Asabar da yamma layi kan yi tsawo, kuma matar ta ce na sa ne ke fara ƙarewa, don haka gara a buga waya kafin a kama hanya, musamman mai tasowa daga arewacin birni.

Wanda zai je, ya nemi babban kwalin guntayen sa, sosej ɗaya ya isa, ya ce a zuba miya a ƙaramin kofi daban, dankali ma a ware shi. Ragowar da na kai gida na ɗauraye wa miyar sama-sama, washegari na sa a tanda har bayan ya sake bushewa, na barbaɗa yajin da aka aiko mini daga gida, na yanka albasa a kai. A haka ma'aikacin gidanmu, ɗan Meziko, ya tarar da ni, ya ɗauki gutsure ɗaya, ya ce in rubuta masa sunan titin.