Wasiƙa daga Tokyo: a nan har gidan faifan gem kuɗi ne

Auta, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da sauran mutan gida. Ya shago, ya fama da wuta? Saƙonka ya iso, kuma na gano dabararka: in sayo maka faifan gem na gwanjo, in zare su daga gidajensu, in haɗa a leda ɗaya don kada nauyi ya cinye kuɗin aike. Da a Kano nake, ni ma haka zan ce. To ranar Asabar na shiga unguwar Akihabara saboda wannan aiken naka, abin da na gani kuma ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka tuna yadda muke sayen faifan PlayStation 2 a Sabon Gari? Leda ce shara-shara, an cusa mata takardar da aka buga da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, fuskar ɗan ƙwallo ta koma kore-kore. Wani lokacin hoton daban, abin da ke cikin faifan daban. Ba mu taɓa damuwa ba, in dai ya tashi a inji shi ke nan. Wallahi har na bar gida ban san gem yana da gidansa na asali ba, wanda wani ya zauna ya tsara ciki da waje.

A shagunan gwanjo na nan, irin su Book Off da Hard Off da Super Potato, gem ɗaya sai ka same shi da farashi uku: na faifai tsirara, na mai gida, da na mai gida da ɗan littafinsa. Akwai ma wata siririyar takarda da ke naɗe a gefen gidan faifan PlayStation na farko, suna kiranta obi, wato sunan ɗamarar da suke ɗaurawa a kan kimono, rigarsu ta gargajiya. Da ni da kai ne, tun a ƙofar shago za mu yar da ita. Su kuwa in tana nan kuɗin kaya ya ƙaru, har a rubuta a jikin farashi cewa da obi ɗinsa. Haka in gidan ya tsage, ko rana ta cinye launin bangon, shi ma a rubuce yake, kuma an rage kuɗin. Ba a taya, ba a cewa albarka, amma ba mai ɓoye maka aibi yana rantsuwa. A inda na saya, yarinyar da ke kan kanta ta ɗauko faifan da hannu biyu, ta juya mini bayansa a ƙarƙashin fitila don in duba ko da ƙarzuwa kafin in biya. Wanda ba su da tabbas a kansa kuma suna zuba shi a kwandon da suke kira janku, wani yen 110 kacal, ka ɗauka a kan sa'arka.

Da na buɗe gidan PlayStation 2 na asali sai dariya ta kama ni. Ashe akwai ɗan gurbi a sama da faifan, na maƙala memori. Mu da muka shekara muna neman memori a ƙarƙashin benci!

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cikin bangon. Gidan gem na Switch, injin wasan kamfanin Nintendo, roba ce da ake ganin ciki, takardar bangon kuma sau da yawa an buga ta gaba da baya. Kana buɗewa sai ka ga hoto ya shimfiɗu daga wannan gefen zuwa wancan: wani taswirar garin da za ka yi wasan a ciki, wani zanen hannu ba rubutu ko ɗaya. Wasu ma bango na biyu ne cikakke, in na wajen bai yi maka ba ka zare ka juya. Wani abokin aikina da ya zauna a Jamus ya nuna mini nasa. Can tun 2008 doka ta sa tambarin shekaru ya zama ƙato a fuskar kwali, har yana rufe zanen, sai kamfanoni da yawa suka koma buga hoton tsaf a baya don mai saye ya juya abinsa. Tambarin Japan ƙarami ne, harafi ɗaya: A, B, C, D ko Z. Wannan ya shafe ka, tunda yara ne rabin masu shigo maka. A na kowa ne, Z kuwa sai ɗan shekara 18, kuma a shago ma kantarsa daban. Mu a leda muke saye, wa zai gaya mana?

Sannan gem ɗaya, kowace ƙasa da fuskarsa. Ƙwallon da muke kira PES, a nan Winning Eleven ne sunansa kafin 2021. Na Turai na 2005 Thierry Henry da John Terry ne a bango, a wasu na nan kuwa Zico na gani, lokacin yana kocin Japan. Kirby, ɗan dunƙulen nan mai ruwan hoda, a kwalin Japan fuskarsa a sake take, amma a kwalaye da dama na Amurka an haɗe masa gira kamar wanda aka ci wa bashi, wai don ya fi shiga ran yaran can. Akwai kuma Ico na 2001: bangon Japan da na Turai wanda ya ƙirƙiri wasan, Fumito Ueda, shi ya zana da kansa, wasu ƙananan mutum biyu suna gudu a gindin ƙaton gini. Na Amurka kuwa fuskar yaro ce da sanda aka manna, har yau ana yi masa tsiya.

Kada ka ɗauka komai na nan yabo ne. Sabbin kaya sun fara zama fanko. Tun 2010 kamfanin gem na Ubisoft ya sanar da daina saka ɗan littafin, wasu suka bi. Yanzu ka buɗe sabon gem, maƙalan da aka yi don riƙe littafi suna nan, ba abin da suka riƙe. Katin Switch bai fi kan babban yatsa ba, yana zaune shi kaɗai a gida kamar ango a zaure. (An shafa masa wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye. Na lasa, kada ka gaya wa Hajiya.) Wanda ya fi damuna dominka shi ne na Switch 2, da ya fito a watan Yunin 2025 da jajayen gidaje. Wasu katunan ba gem a cikinsu, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan daga intanet. A nan ba komai ba ne. Kai da kake auna data kamar mai auna gishiri, ka duba ƙasan bangon gaba, akan rubuta a wurin, kafin wani ya tallata maka.

Saboda haka ga yadda za mu yi. Guda goma sha biyu na saya, kuma da gidajensu zan aiko, ta hannun mai zuwa gida kafin azumi. Na PlayStation 4 za su tashi a injinka ba matsala, sai dai biyu a ciki rubutunsu na Japananci ne zalla, ka yi haƙuri. Na PlayStation 2 kuwa ba za su tashi ba sai a injin Japan ko wanda aka taɓa wa ciki, ka gwada a tsohon nan na kusurwa. Ka sa kafinta ya buga maka katako a bango inda rana ba ta kaiwa, ka jera su, gefensu yana kallon waje. Kuma don Allah kada ka bar yara su buɗe da hannun awara.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata yajin ya kusa ƙarewa.

Yayanka.