Bankok ko Pataya? Alhaji, ka zauna a Bankok

Alhaji, ka tambaya ina ya fi tsakanin Bankok, babban birnin Tailan, da Pataya, garin bakin teku. Tunda mako ɗaya ne kuma da iyali za ka, ka yada zango a Bankok kawai.

Kama otal a unguwar Pratunam. Da ƙafa za ka shiga kasuwar tufafi da Platinum Mall, inda farashi ke sauka in ka ɗauki kaya da yawa. Abincin halal ba zai ba ka wahala ba. A layin Phetchaburi Soi 7 akwai masallacin Darul Aman, kewaye da shagunan abinci na Musulmi. Wata Juma'a bayan an idar da salla na tsaya wajen wata dattijuwa mai sayar da khao mok kai, shinkafa ce dafa-duka da kurkum da cinyar kaza a kai. Tana ganin hulata ta yi mini sallama, ta ƙaro romo a ɗan kwano, ta zuba wa yarona shayi mai ƙanƙara, ta kuma ƙi karɓar kuɗin shayin. Har yau yaron yana zancenta.

Don buɗe ido, ku hau jirgin ruwa mai tuta ruwan lemo a kogin Chao Phraya, kuɗinsa kaɗan ne. Ku sauka kusa da fadar sarki da aka fara ginawa a 1782, da haikalin Wat Pho mai gunkin Buda a kwance, tsawonsa mita 46. Ba a shiga da gajeren wando, amma shigarmu ta gida ta wadatar. Asabar ko Lahadi ku yi sammakon kasuwar Chatuchak kafin rana ta take, jirgin ƙasa na BTS zai sauke ku a Mo Chit.

Pataya kuwa, teku dai tana nan, tafiyar kamar awa biyu a mota. Da dare mashaya ce ta ko'ina, ba inda za ka ratsa da Hajiya da yara ba ne.

A Bankok ɗin ma, ka yi hattara a bakin fadar sarki. Wani zai tare ka cikin shiga ta mutunci ya ce yau an rufe, ya haɗa ka da mai tuk-tuk, a-daidaita-sahunsu ke nan, a farashi mai araha. Ƙarya ce. Shagon duwatsun ado ko na tela zai kai ka, a sayar maka da abin da bai kai rabin kuɗinsa ba, shi kuma ya karɓi la'adarsa. Ka wuce abinka har ƙofar sayar da tikiti. Direban tasin da ya ƙi kunna mita kuma, sauka ka tari wata.