Tawayen Ingila na 1381 ko na Tambov: wanne za ka yi bincike a kai?

Ɗaliban tarihi sun sha tambayata wanne ya fi dacewa da aikin kammala digiri, tawayen manoman Ingila na 1381 ko na yankin Tambov a Rasha, 1920 zuwa 1921.

Ta fuskar sauƙi, na Ingila ya fi. Harajin kai ne ya tunzura talakawa, Wat Tyler ya ja su zuwa Landan, suka fille kan Akbishop Sudbury, babban limamin cocin Ingila, aka kashe Tyler a filin Smithfield na Landan a gaban Sarki Richard na biyu, yaro ɗan shekara 14. Littattafai a kansa sun yawaita, kuma da Turanci. Matsalarsa ita ce yawancin waɗanda suka rubuta labarin a lokacin malaman coci ne masu ƙyamar manoma, don haka da ƙyar za ka ji bakin talakan kansa. Wannan yana damuna ƙwarai.

Tambov ya fi wahala da tsada. Gwamnatin Bolshebik, wato ta 'yan gurguzu ƙarƙashin Lenin, tana ƙwace hatsi da ƙarfi, wani mai suna Antonov ya jagoranci manoma, kwamandan sojan gwamnati Tukhachevsky ya murƙushe su, har da umarnin amfani da iskar guba. Takardu da dama sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 suka fito, kuma mafi yawansu da Rashanci. Ga haɗarin son rai, domin masoya Lenin da maƙiyansa kowa na jan labarin gefensa. Amma tasirinsa a fili yake: a Maris 1921 aka soke ƙwacen hatsi, aka maye gurbinsa da haraji.

Mai ƙarancin lokaci da kuɗi ya ɗauki 1381. Mai shirin zurfafawa a siyasar Rasha, wanda koyon sabon harshe ba zai gagare shi ba, Tambov ne nasa.