Injin sit ko giyabos: wanne za ka fara taɓawa?

Ɗan'uwa, tsakanin bakaniken da ya ce ka sauya giyabos da wanda ya ce injin sit ne, wato roba mai ƙarfe da ke riƙe da injin a jikin mota, bi maganar na biyun. Wannan "gwaf" da ka ce kana ji in ka saki kuloci ko ka ɗaga ƙafa daga kan totur, yawanci ba daga cikin giya take fitowa ba. Wani abu ne ya saki, yake samun filin buguwa duk lokacin da ƙarfin injin ya zo ko ya ɗauke.

Ni aljihuna ne ya koya mini. Tsohuwar motata ta yi wata da watanni tana wannan ƙara, musamman in zan tashi da giya ɗaya ko na sa ribas. Aka ce mini giyabos ne, na sayo na hannu aka ɗora. Ko fita daga gareji ban gama yi ba na ji "gwaf" ɗin nan, kamar ba a taɓa komai ba. Daga baya wani dattijon bakanike ya buɗe bonet, ya ce in ja birkin hannu, in sa giya ɗaya, in riƙa sakin kuloci a hankali kamar zan tashi. Yana tsaye a gefe, ba a gaban motar ba. Ya ce in maimaita da ribas. Sai ya kira ɗan'uwana ya zauna a mazaunina, ni in fito in gani da idona: injin yana ɗagowa yana komawa kamar zai tsallako waje. Da aka kwance sit ɗin ƙasa, wanda ke hana injin juyawa gaba da baya, robarsa ta rabu da ƙarfen gaba ɗaya, na sa yatsa ya wuce. Aka sa sabo, shi da na giya. Wallahi ranar sai da na kashe rediyo na yi ta zagaye ina sauraron shiru. Har sandar giya da take rawa a hannuna in na taka totur ta natsu.

Gwajin nan bai cin minti 5, kuma ba ya cin ko sisi. In sit ɗinka mai ruwa ne a ciki, duba ko ya yi yoyo, za ka ga baƙin danshi a jikinsa.

Giyabos kuwa, to, yana lalacewa, ban ce a'a ba. Amma nasa kukan daban ne: gunji mai bin gudun mota, gurza in za ka shiga giya, ko giya ta riƙa fita da kanta kana tafiya. In ba ka da ko ɗaya cikin waɗannan, ƙyale shi. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, a juye man giya a duba. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikin notin da aka kwance don juye man ba komai ba ne, gutsattsarin da za ka iya tsinta da yatsa su ne matsala.

In sit ya fita lafiya, har yanzu ba a zo kan giyabos ba. Motar da ke ja da tayoyin gaba, a duba shaf, sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa taya: mahaɗinsa na waje, na kusa da taya, yana "ƙas-ƙas-ƙas" in ka karya sitiyari kana tafiya, na ciki shi ne ke iya yin "gwaf" da karkarwa in ka ba ta wuta. Robar da ta yage ta watsa giris ita ce shaida. Mai ja da tayoyin baya kuma, a kama farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya, a murɗa da hannu, in kuros ɗinta, wato mahaɗinta, yana wasa ko kana ganin jan gari kamar tsatsa a bakinsa, ka samu ɓarawon. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye. Akwai masu wanke tsohon sit, su cike tsagar da baƙin gam, su fesa fenti, su miƙo maka a matsayin sabo. Sa sukundireba ka ɗan banƙara robar a gabansa, in ya hana ka taɓawa ka bar masa kayansa. Masu giyabos na hannu ma wasu kan ɗura mai mai kauri don ya danne kuka na ɗan lokaci, sai ka yi sati biyu asiri ya tonu, shi kuma ya ce ai lafiya ya ba ka.

Sayi sit mai kyau, na kamfanin motar in da hali, kuma in ɗaya ya yage a duba sauran, don su suka ɗauki wahalarsa duk tsawon lokacin nan. Ka karɓi tsohon da aka cire a hannunka kafin ka biya kuɗin aiki.