Ikogosi ko Wikki: ina mazaunin Legas zai nufa?

A Agege muka yi wannan gardama da maƙwabcina bayan la'asar. Dukansu maɓuɓɓugan ruwan ɗumi ne da ake zuwa yawon buɗe ido. Shi Ikogosi yake so, ni kuwa zuciyata tana Wikki.

Hujjarsa kusanci. Ikogosi na jihar Ekiti, ka bi ta Ibadan da Ilesha, idan ka yi sammako ka isa a ranar. Daga ƙofa sai ka taka a kan gadar katako cikin kurmi, har inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa. Ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can, ka ji bambancin a jikinka.

Na ce masa, "Malam, gaskiyarka, amma ka taɓa shiga Wikki?" Tana cikin gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, tafiyar da sai ka ware mata kwanaki. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Da hunturu na shiga, da sassafe, sanyi na yankan kunne, ɗumin ya rufe ni har wuya, na kasa fita. Sai dai ka kula da jakarka, gwaggon biri ba ya barin abinci. Dajin kuma ba a kutsa shi sai da ɗan jagora, saboda giwaye.

Hutun kwana biyu gare shi, Ikogosi ta fi masa. Ni zan jira Disamba.