Masu wankin mota har gida: hannunsu na da kyau, amma su riƙa faɗin maganar ruwa tun a waya

Wasu samari biyu ne ke wannan sana'a a ɓangarenmu na Hotoro, nan Kano. Kana kiran su za su iso a Keke Napep da injin feshin ruwa, injin zuƙar ƙura, tiyo da doguwar waya, su wanke maka mota ciki da waje a ƙofar gida. Na ba su tsohuwar Corolla ɗina bayan hunturu ya gama cika ta da ƙura.

Aiki kam sun iya shi. Sun ciro kafet gaba ɗaya, sun tura kujerun gaba har ƙarshe, sun zuƙe yashin da ya maƙale a kan ƙarfen da kujera ke gudu a kai, har da ƙwallayen dabino da ɓawon gyaɗar yara. Ramukan iskar AC da ɗan ƙaramin buroshi ƙaramin cikinsu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne tsumman taya daban yake da na jikin mota, kuma sai da suka feshe ƙurar da ruwa kafin soso ya taɓa fenti. A wurin wanki na bakin titi nan ne ake karce wa mutum mota. Kuɗinsu ya kusa ninka na can, kuma ban ji ciwon biya ba.

Inda nake da magana shi ne ruwa da wuta. Ba su zo da ko ɗaya ba, kuma ba su faɗa mini a waya ba. Sai da suka sauke kaya babban ya ce, "Alhaji, ina famfo, ina kuma soket?"

Ta wuta mai sauƙi ce. Irin waɗannan injina kowanne bai cika wuce kilowat 2 ba, kuma ba tare suke aiki ba. Na duba mita kafin su fara da bayan sun gama, abin da ya tafi bai kai yunit 3 ba. Ko ga wanda ke layin Band A, wato rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, da aka kai kuɗinsa naira 225 kan yunit a watan Afrilun 2024, wannan bai kai a ɓata rai ba. Sai dai kada ka yarda a jona injin feshi a ƙaramar inbata ta gida, domin lokacin tashi yana jan wuta fiye da yadda aka rubuta a jikinsa.

Ruwan ne abin dubawa. Injin feshi ya fi tiyo tsimi, gaskiya ne, amma duk da haka yana cin lita 6 zuwa 8 a minti guda. Feshin minti 15 ya kai jarka huɗu ta 'yan garuwa ke nan, ban da na wankin kafet. Ni kuwa gidan haya nake, tanki ɗaya muke sha mu gida uku, kuma karo-karo muke yi na man janareta kafin bohol ya tura ruwa sama. Ruwan da ya wanke motata har da rabon maƙwabtana a ciki, shi ya sa na sayo kurar ruwa guda aka juye a tankin da yamma. Ruwan kumfar ma ƙofar maƙwabci ya nufa, sai da na sa suka share shi zuwa kwata.

Na ce wa babban, "Malam, ku sa farashi biyu mana, na wanda zai ba ku ruwa da na wanda za ku zo masa da naku." Ya ce durom ba zai shiga keken tare da injina ba, amma za su iya haɗa baki da mai garuwa ya biyo su. Da wannan sharaɗin zan sake kiran su, kuma wanda ke zaune a gidan haya ya fara sanar da maƙwabtansa kafin a jona tiyo.